Ajiye muƙami a ikkilisiya ja da baya ne?

Telan Sabon Tasha ya rubuta:

Salama gare ku cikin sunan Yesu. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, shawara nake nema. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen, don in na gutsura shi ba za ku gane inda ya dame ni ba.

Ni tela ne, shagona yana Sabon Tasha a Kaduna. Ina da mata da yara biyu, babban yana aji uku a firamare. Ba zan faɗi sunan ikkilisiyarmu ba, domin ba ƙara na kawo ba. Muna da yawa dai, har sujada biyu ake yi ran Lahadi, ta Turanci da sassafe, ta Hausa bayanta. Mu 'yan ta Hausa akwai Bajju, Atyap, Ham, Adara, Gbagyi, ga 'yan'uwa daga Filato da Adamawa, Hausar ce ta haɗa mu. Yawancin dattawanmu sun ƙauro wannan tsallaken kogin Kaduna ne bayan rikicin 2000, su suka ɗaga ginin da guminsu. Har yau akwai tsohon da zai ja ka ya nuna maka kusurwar da shi ya jera bulonta.

Tun ina saurayi nake cikin mawaƙa. Da aka canja wa shugabanmu wurin aiki zuwa Abuja, aka ce in riƙe kafin zaɓe, da zaɓen ya zo kuma aka bar mini. Daga baya aka lura ina rubuta Hausa mai karantuwa, sai aka ɗora mini magatakardan Zumuntar Matasa. Malamar ajin manyan yara a Makarantar Lahadi ta haihu, aka ce in taimaka kafin ta gama jego. Yaron da ta haifa yanzu da ƙafarsa yake zuwa majami'a, ajin yana nan a hannuna. Bara kuma aka sa ni cikin kwamitin ginin gidan fasto, wai tunda kullum ina cikin kasuwa na san farashin kaya. Ni da yadi da zare na sani, yanzu ni ne mai tayin siminti da rodi.

Litinin kwamitin gini. Talata da Jumma'a koyon waƙa. Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis matasa. Asabar in ba ɗaurin aure ba to jana'iza, kuma duk inda aka yi ɗaya daga cikin biyun sai an ga mawaƙa. Lahadi kuwa in na fita da duku-duku ba na ganin ƙofar gidana sai rana ta yi sanyi, saboda bayan sujada akwai ƙirga baikon gini.

Duk wani tela da ke nan ya san daga tsakiyar Nuwamba zuwa Kirsimeti ne kakarmu. Abin da ka tara a makonnin nan shi ne kuɗin makarantar Janairu, shi ne haya. A daidai lokacin ne kuma ake shirin waƙoƙin Kirsimeti, ga godiyar ƙarshen shekara, ga taron matasa. A Disambar da ta wuce wata mata ta zo ta kwashe atamfofin bikin ƙanwarta ban ko sa musu almakashi ba. A gaban yaran shagona ta ce in zaɓi ɗaya, keke ko coci. Ba ta yi ƙarya ba, zuwa nawa ta yi ana ce mata oga yana majami'a. Ga shi sau da yawa sai da yamma ake kawo mana wuta, lokacin da nake rufe shago ke nan, da rana kuwa sai janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kun san yadda lita take.

Na gida shi ya fi tsaya mini a rai. Matata ba mai surutu ba ce, ita ma 'yar Zumuntar Mata ce, ba ta taɓa ce mini kada in je ba. Abin da ta faɗa ɗaya ne: yaran suna barci nake fita, suna barci nake dawowa, addu'ar iyali kuma ita kaɗai ke ja. A ranar yara ta bana aka kira ɗana ya faɗi ayar hadda, ya tsaya cak a tsakiya, wata mata a bayana ta yi dariya ta ce, ɗan malami ke nan. Ni kaina in na buɗe Littafi Mai Tsarki yanzu, darasin Lahadi nake nema ko ayar da zan sa wa murya. Na manta rabon da in karanta don kaina.

Sai na je wurin dattijon da ya tsaya mana a matsayin uba ran aurenmu. Na ce Baba, ina so in ajiye Makarantar Lahadi da kwamitin gini, in wa'adin matasa ya cika kuma ba zan sake tsayawa ba, a bar ni da mawaƙa. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya buɗe Luka 9:62, inda aka yi maganar wanda ya kama garma yana waiwaye. Ya tuna mini ran da mahaifina ya rasu ikkilisiya ta yi hayar mota har ƙauyenmu a gaban Zonkwa, mata suka yi ta girki har aka watse. Ba gori yake mini ba, na san shi, kuma duk gaskiya ne. Ya ce in na kula da aikin Allah, Allah zai kula da shagona. A ƙarshe ya tambaye ni, to in ka ajiye wa za mu ba?

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Ina ƙaunar ikkilisiyar nan, a cikinta aka yi mini baftisma, a cikinta na sami mata. Yesu ya ce mai binsa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, ban manta ba. To wannan gajiyar tawa ita ce gicciyen, in yi shiru in ɗauka? Ko kuwa mutum zai iya ajiye muƙami ya ci gaba da zama almajiri na ƙwarai? In zai yiwu, ta yaya zan yi ba tare da na ɓata da mutanen da suka riƙe ni ba?

Mama 'yar Zumunta, Zariya, ta amsa:

Ɗana, sannu da ɗawainiya. Ka gaida mini maiɗakinka, ka ce wata tsohuwa a Zariya ta ji maganarta, kuma ba ƙaramar magana ta faɗa ba. Macen da ba ta surutu, ran da ta buɗe baki ta faɗi jimla ɗaya, ta daɗe tana juya ta a ciki.

Na fi shekara talatin ina ɗaura zanen Zumunta. Na yi shugaba, na yi ma'aji, yanzu tulu kawai nake bugawa in ana waƙa, kuma ban ji na rage kusa da Ubangiji ba. Na ga irinka da yawa, maza da mata. Kowace ikkilisiya tana da mutum biyar ko shida da ba su iya cewa a'a ba, su ake ta jibga wa kaya, sauran jama'a su zo su zauna a benci su tafi. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Yaran ajin nan naka ba malami suke samu ba, gajiyayyen mutum suke samu wanda ya duba darasi da tsakar daren Asabar.

Tambayar da dattijonku ya yi maka, wa za mu ba, ni kai zan mayar wa ita. Duk shekarun nan wa ka ja kusa da kai? A cikin mawaƙanka babu wanda zai iya ɗaga waƙa ran da kake zazzaɓi? A matasa babu yarinya ko yaro da ya gama sakandare yana zaune, wanda zai ji daɗi a ce masa riƙe littafin nan ka rubuta abin da aka tattauna? Suna nan. Ba wanda ya tambaye su ne, tunda kana nan.

Mu a Zumunta in mace ta haihu ko mijinta ya kwanta, ba ma jiran ta zo ta roƙa, mu muke ce mata zauna gida, wance za ta riƙe. Mu raba kanmu, waɗannan su je asibitin Shika dubiya, waɗannan su kai abinci gidan makoki. Ba wadda ake kira mai ja da baya don ta zauna da jinjirinta. Ban san dalilin da ya sa maza ba sa yi wa junansu wannan alherin ba.

Kuma kada ka sake zuwa wurin dattijon kai kaɗai. Tunda shi ne uban aurenku, ku je da ita. Ranar da ya tsaya muku ya ɗauki nauyin gidan nan a gaban jama'a, ba nauyin kwamitin gini ba. Ka bar ta ta yi magana da bakinta.

Ɗan Michika a Jos ya amsa:

Ɗan'uwa, Mama ta lallashe ka, ni ba zan lallashe ka ba, ka yi haƙuri.

Ni ɗan EYN ne, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A watan Satumba na 2014 muka bar Michika da abin da ke jikinmu. Ran 29 ga Oktoba 'yan Boko Haram suka shiga hedikwatarmu a Kwarhi, shugabanninmu suka dawo Jos. Wasu namu suka yi Yola, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru, har yau akwai waɗanda ke sansanin 'yan gudun hijira na Minawao. A lokacin babu muƙami, babu zaɓe, babu wa'adi. Wanda ya iya karatu shi ne mai wa'azi, shi ne mai binne gawa, shi ne mai zagayawa yana rubuta sunayen waɗanda ba a gani ba. Na san wani malamin firamare da ya riƙe jama'a a ajin makaranta, da safe ya nemo masara, da yamma ya ja addu'a, 'ya'yansa biyu kuma bai san inda suke ba. Da irinsu sun ce sun gaji, da ba mu yi bikin cika shekara ɗari ba a 2023, tun daga sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923.

Ba ina cewa wahalarka ba wahala ba ce. Amma na lura da wani abu a nan Jos. Duk wanda ya ce zai ɗan huta, da muƙami yake farawa. Bayan wata uku ba ka ganinsa ran Laraba. Bayan shekara sai Lahadi bibbiyu, daga nan sai Kirsimeti da Ista. Ba wanda ya taɓa tashi da niyyar barin ikkilisiya, da hutu suke somawa. Ibraniyawa 10:25 ba a banza aka rubuta ta ba. Aikin da ke wuyanka shi ke tashe ka ka tafi ran da ba ka so, kuma ranakun da ba ka so sun fi yawa.

Mu a wurinmu kafin cin Jibin Ubangiji na ƙauna mukan wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Yesu ya yi a Yahaya 13. Fasto ya durƙusa gaban manomi da tawul a ɗamare. Wanda ya girma yana ganin haka da wuya ya ɗauki hidima a matsayin abin da ake yi in an sami sarari.

Sannan ka duba zuciyarka da kyau. Na karanta rubutunka sau biyu, inda muryarka ta fi zafi shi ne wurin atamfofin da aka kwashe. In don iyali ne, na ji. In don shago ne, ka faɗa a fili, kada ka sa yaron a gaba.

Baba mai bishara (mai ritaya) ya amsa:

Salama, ɗana. Jikata ke buga mini wannan a waya, in kun ga kuskure nata ne.

Na yi karatun Littafi a Kagoro, na yi aikin bishara ƙarƙashin EMS, ƙungiyar masu bishara ta ikkilisiyar ECWA, a ƙauyukan Maguzawa tsakanin Kano da Katsina har ƙarfina ya ƙare. Bari in fara da ayar da aka karanta maka. Ka koma ka karanta daga aya 57. Mutum uku ne a wurin, kuma ba ko ɗaya da ke riƙe da wani aiki a majami'a. Magana ce ta bin Yesu ko ƙin binsa, na ƙarshen yana so ya fara zuwa sallama da mutanen gida tukuna. Kai ka riga ka bi. Dattijonka mutumin kirki ne, tsoro ne ya kama shi, don ya san in ka tashi aikin kansa zai dawo. Amma ayar ba ta kwamitin gini ba ce.

In kowane komawa baya waiwaye ne, to Rowland Bingham, wanda ya kafa ƙungiyar mishan ta SIM, ma bai cancanta ba. Su uku suka sauka Legas a 1893. Walter Gowans ya mutu a Girku, nan jiharku ta Kaduna, Thomas Kent ya mutu a Bida, duk a 1894. Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, kuma ba shi kaɗai ya kafa ta ba, mutanen da ya tara ne. Daga wannan aikin ECWA ta fito a 1954.

Ka karanta Fitowa 18. Musa yana zaune daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a, surukinsa Yetro ya dube shi ya ce abin nan da kake yi ba shi da kyau, za ka gaji, su ma za su gaji. Ka lura, har da su. Ya sa shi ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin, na goma. A Ayyukan Manzanni 6 kuma manzanni da kansu suka ce ba za su haɗa wa'azi da rabon abinci ba, aka zaɓi mutum bakwai. Cikin bakwai ɗin nan Istifanas da Filibus suka fito. Da Bitrus ya ƙanƙame ludayi, da ba mu san su ba.

Ina saurayi lokacin da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya bazu a shekarun 1960. Abin da ya ba shi ƙarfi shi ne an daina jiran fasto. Ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje, manomi da mai sayar da itace su fita bibbiyu. A ƙauyen da na fi daɗewa, aikina na fari shi ne koya wa samari karatu da fitilar ƙwai, don su karanta Littafin da kansu, tunda yana nan da Hausa cikakke tun 1932. In na ga mutum ya iya, sai in ba shi Lahadi ɗaya a wata, in zauna a baya ina jin yana tuntuɓe, in gyara masa a gona ran Litinin ba a gaban mutane ba. Da aka ɗauke ni daga can ba a aiko wani ba, ba a bukata. Abin da Bulus ya gaya wa Timoti ke nan a wasiƙa ta biyu, sura 2 aya 2: abin da ka ji, ka danƙa wa amintattu da za su koya wa wasu.

Ɗan Michika ya faɗi gaskiya a kan masu hutu, na binne wasu da suka fara haka. Maganinsa shi ne kada ka ajiye da fushi, kada ka ajiye rana ɗaya. Ka rubuta wa majalisar dattawa takarda, ka sa wata, ka kawo sunan wanda kake koya wa. Laraba kuwa ba muƙami ba ce, kada ka taɓa ta, ka riƙa zuwa da yaranka.

Inda ban yarda da kai ba shi ne zaɓin da ka yi. Ka ce za ka ajiye yara ka riƙe mawaƙa. Mawaƙa suna gaba, ana tafa musu, in ka ajiye gobe mutum uku za su nema. Ajin yara ba mai nema. Kuma 'yan shekara tara zuwa goma sha biyu, nan ne ake kama mutum ko a rasa shi. Ɗanka ma ajin zai shigo ba da daɗewa ba. In ni ne kai, sandar waƙa zan miƙa.

Telan Sabon Tasha ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Ubangiji ya sāka. Mama, na karanta wa matata saƙonku, ta yi dariya ta ce a tambaye ku ko kuna da ɗaki a Zariya. Za mu je wurin dattijon tare. Akwai wata yarinya da ta gama NCE tana jiran aiki, ita ke gyara mini rubutun rahoton matasa a ɓoye, da ita zan fara.

Ɗan'uwana na Michika, abin da kuka gani ban gan shi ba, ba ni da bakin yin gardama da kai a kansa. Amma tunda ka ce in faɗa a fili, to na faɗa: har da shago, kuma ba na jin kunya. Keken nan shi ke ciyar da mutum huɗu a gidana da tsohuwata a ƙauye, daga cikinsa zakkata ke fita, ga yara biyu da iyayensu suka damƙa mini su koyi sana'a, suna zaune suna kallon bango in ba na nan. Bulus ma ɗinkin tanti yake yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu, kuma shi ya rubuta a 1 Timoti 5:8 cewa wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya fi marar bi muni. Matar da ta kwashe kayanta ba Kirista ba ce. Abin da ta tafi da shi a ranta shi ne ɗan coci ba ya cika alkawari. Wannan ma yana cikin abin da ke hana ni barci.

Baba, maganarku ta shige ni, amma ku ba ni dama in ɗan kare mawaƙa. Daga waje tafi ake gani. A ciki, rabin waɗanda ke zuwa koyon waƙa samari ne masu tuƙa Keke Napep da masu aikin gini, waɗanda ba za su taɓa zama a ajin nazarin Littafi ba. Kafin mu koyi kowace waƙa sai mun buɗe ayar da ta fito daga ciki. Akwai wanda na raba da ƙwaya a nan, ba da wa'azi ba, da kiransa a waya duk Talata. Tsofaffin matan da ba su iya karatu ba kuma, abin da muka rera shi suke tafiya da shi gona. Yara kuwa gaskiya ba ni da baiwarsu, ina shiga ajin ne kamar mai biyan bashi. Akwai mai baiwar, ita ce malamar da na karɓa a hannunta, ba wanda ya koma ya tambaye ta ko ta shirya dawowa. Zan tambaye ta ran Lahadi. In ta ƙi, zan sake tunani a kan abin da kuka ce.

'Yar'uwa daga Maraɗi ta amsa:

Gaisuwa daga Nijar. Ina karanta ku ina murmushi, wai sujada biyu don wuri ya cika. Mu a unguwarmu in kowa ya zo da yaransa ba mu cika benci goma ba. Ni ce ma'aji, ni ce mai share ɗakin sujada ran Asabar, mijina ke kaɗa ganga, kuma da safe ina koyarwa a lakwal, wato makaranta. Mu in muka ce wa za mu ba, da gaske muke, ba kowa. Ku kuwa mutane ne zaune ɗari bisa ɗari. Don haka ban ga laifinka ba, malam tela. Tsakaninka da Baba a kan yara da mawaƙa ba zan shiga ba, ku biyun kuna da hujja.

Abin da ya sa na rubuto shi ne kwamitin gini, don na ga kowa ya wuce shi kamar shi ne mai sauƙi. Shi ne mai haɗari. Waƙa in ka ajiye za a ce ka gaji. Kwamitin da kuɗi ke ciki in ka fita gini bai ƙare ba, abu biyu za a faɗa: ko ka ci, ko ka ga ana ci ka gudu. Na farko ya ɓata ka, na biyu ya ɓata waɗanda ka bari, har da fasto da gidan nasa ne ake ginawa. Na ga ikkilisiyar da ta rabu biyu a kan buhunan siminti da ba a ma sace ba, rubutawa ce ba a yi ba.

Kafin ka kai takardarka, ka tattara rasit na duk abin da ka sayo da hannunka, wanda babu rasit ka koma wurin mai shagon ya rubuta maka. Ku ƙirga abin da ya rage a sito, siminti, rodi, kwano, ƙusa, kai da ma'aji da dattijo ɗaya, ku ukun ku sa hannu, kowa ya riƙe kofi. In akwai bashin da aka ci da sunanka a kasuwa, ka kai wanda zai gaje ka ka haɗa shi da mai kayan ido da ido, a mayar da bashin sunan kwamiti. Ka roƙi a karanta rahoton a gaban jama'a a sujadar Hausa da ta Turanci duka, a kuma faɗi dalilin fitarka da bakin magatakarda, ba da naka ba. Kuma ka yi wannan kafin Nuwamba ta kama, don in kakar ɗinki ta shigo ba za ka sami lokacin bin rasit ba.